Tazarar Da Yaya Ya Hana A Goge

SHAFI NA 23

To masu ƙorafi, na ji ku. Wadda ta rubuto min cewa in ban kai Auta gidan Yaya yau ba ta daina gaishe ni, ki dawo da gaisuwarki, ga mu a ƙofar gidan. Shi kuma malamin da kullum sai ya ce Yaya mugu ne, hassada yake wa ƙanwarsa, ka gyara zama, yau da kai nake.

Waɗanda suka shigo mana yanzu, ga inda aka kwana a gurguje. Auta da Yayanta sana'arsu ɗaya, gyaran kanel, wato uwar manhajar nan da ke tuƙa kwamfuta da sauran na'urori daga ciki. Aikin na jama'a ne. Mutane daga ko'ina suke aiko da gyaransu, wanda suke kira faci, a wani zauren wasiƙu da kowa ke iya karantawa. Kowane sashe da mai kula da shi, kuma faci ba ya shiga sai mai sashe ya sa hannu. Yaya shi ke riƙe da sashen na'urorin sadarwa, albarkacin wannan kujerar ma kamfanin da yake wa aiki ke ji da shi.

Ita Auta shara ta ɗauko. A cikin kanel akwai wasu 'yan alamomi da ke gaya wa na'ura yadda za ta tsara lamba in za ta rubuta saƙo, kuma da yawansu maimaici ne, aiki ɗaya suke yi. Ta bi su ta goge, kowa ya sa mata albarka, in ban da guda ɗaya tak: wadda ke rubuta adireshin na'ura da tazara tsakanin lambobi, maimakon ɗigo biyun da kowa ya saba da shi. Ita ce Yaya ya ce bai yarda a goge ba, ya kuma ƙi faɗin dalili. Shi ne Mai Rumbu, dattijon da maganarsa ce ta ƙarshe a zauren, ya rubuto masa a gaban kowa: ko ya kawo dalili kafin a rufe karɓar gyara a ƙarshen mako, ko a shigar da facin ba da shi ba, a kuma nemo wa sashen wani.

Mu je.

*

Anti, matar Yaya, ita ta buɗe mata ƙofa, hannunta duk kumfar sabulu.

"Auta ce da rana tsaka? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau Anti. Yaya yana ciki?"

"Ina zai je? Yana ɗakin aikinsa tun safe. Ke ma kin san shi, in ya toshe kunne da abin nan, ko gobara ake sai an taɓa shi." Ta ɗan ƙare mata kallo. "Wannan fuskar ta faɗa ce. Ki bi a hankali don Allah."

"Ni ba faɗa na zo yi ba."

"Haka kika ce ranar da kuka fasa min kofi."

Auta ta doshi ɗakin, sai ta ga hanyar ta yi mata faɗi. Ɗan teburin da ke tsakiyar falo babu shi, kwandon takalma ma an mayar da shi can bayan ƙofa.

"Anti, ina teburin nan?"

"Na gaji da ganinsa," ta ce, ta koma kicin abinta.

Ɗakin aikin Yaya yana nan da 'yan na'urorinsa a jere kan kanta, fitilunsu kore suna ƙyaftawa. Abin da ya canza shi ne tsaftar. Mutumin da a da sai ka ɗaga wayoyi da takardu kafin ka sami inda za ka ajiye kofi, yau komai yana mazauninsa kamar shagon sayar da magani. An saki labule, allon kwamfutar ma haskensa can ƙasa.

Ta yi sallama, shiru. Ta sake, shiru. Sai da ta ƙwanƙwasa gefen teburin sannan ya zare abin kunne ɗaya, ya juyo ya dube ta.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Yaya."

"Au, Auta. Na ɗauka Antinki ce."

Ni dai da ni ce, tun a nan zan tsaya in yi tunani, don Auta doguwa ce siririya, Anti kuwa Allah ya yi mata jiki. Amma wanda ya taho da zuciya a wuya ina zai lura da wannan.

Ta ja kujera ta zauna.

"Ina wuni."

"Lafiya lau. Ya Mama?"

"Tana nan ƙalau. Ta ce rabonta da kai tun da motarka ta lalace."

"Zan zo."

"Yaya, ka ga saƙon Mai Rumbu?"

"Na ji shi."

"To?"

"To me?"

Ta haɗiye abin da ya taso mata, don ta yi wa kanta alƙawari tun a hanya ba za ta ɗaga murya ba.

"Mutum nawa suka duba facin nan, babu wanda ya sami kuskure ko na ɗigo. Na bi rumbun rubutun kanel ɗin kaf, 'yan wurare ne kawai ake amfani da alamar, duk a sashenka, duk na mayar da su kan mai ɗigo biyu. Na gwada a kan na'ura, saƙo ya fito daidai. Me ya rage?"

"Babu."

"To me ya sa ka ce a'a?"

"Saboda a'a ɗin nake nufi."

"Wannan ai amsar da ake ba yaro ce in ya ce a saya masa alewa."

Ya yi ɗan murmushi.

"Kai ne fa ka koya min," ta ce. "A ɗakin nan ka zaunar da ni, ka ce duk layin da ba ya aiki kaya ne a kan wanda zai zo bayanka. Ka ce kada in ji tausayin rubutu, ko da kuwa nawa ne."

"Na faɗa."

"Ko don ni ce na aiko?"

"Haba Auta."

"To ai abin da ake rubuto min ke nan a bayan fage. Wai ka ga ƙanwarka ta fara suna, shi ne ka tare mata hanya. Ni ban yarda ba, wallahi ban yarda ba. Amma ka bar ni ba abin da zan ce musu."

"Ki bar su su faɗa. Baki nasu ne."

"Kujera kuma taka ce. Ni facin bai dame ni ba, in an so a zuba shi a kwandon shara. Amma in Mai Rumbu ya cire sunanka, me za ka ce wa Ogan naku? Ba kai ka ce min kullum da safe zauren nan yake fara karantawa kafin ya sha shayi ba?"

A nan fuskarsa ta ɗan motsa. Ya sa yatsa yana murza wayar abin kunnen.

Ta zaro wayarta daga jaka, ta buɗo facin, ta miƙo ta gabansa.

"Ga shi. Ba a zaure muke ba, daga ni sai kai. Nuna min inda na yi kuskure. In ka nuna, na rantse yau ɗin nan zan janye, in kuma ba ka haƙuri a gaban kowa. Ba zan ji kunya ba, ai kai ka rene ni a sana'ar."

Ta daɗe tana magana, hannunta a miƙe. Shi kuma ya sunkuyo ya ƙura wa wayar ido.

"Layin nan na biyu," ya ce a hankali. "Da kin ɗan sake duba shi."

"Wanne?"

Ta juyo da wayar don ta gani.

Allon baƙi ƙirin. Tun tana tsakiyar magana ya mutu, ba ta sani ba.

Ta dubi wayar, ta dubi Yaya. Ta ce wa ranta a'a, wataƙila ya gani kafin ya mutu. Ta kunna ta. Maimakon facin, sai ta buɗo hoton Mama a zaune bakin ƙofa tana dariya. Ta sake miƙa masa.

"Wannan layin kake nufi?"

Ya duba.

"E, shi."



"Yaya," ta ce, muryarta ta shige ciki. "Hoton Mama ne."

Bai razana ba, bai kuma yi fushi ba. Jingina kawai ya yi da kujera ya sauke wani dogon numfashi, irin na wanda ya daɗe da kaya a ka aka zo aka kama masa.

"Tura ƙofar nan," ya ce.

Ta tura, ta dawo ta zauna. Tausayi da kunya suka rufe ta lokaci ɗaya, don a daren jiya ma sai da ta kwana tana tsara baƙaƙen maganganun da za ta gaya masa.

"Tsakiyar ce ta tafi," ya ce, yana zana ɗan da'ira a iska da yatsa. "Gefe-gefe ina gani. Na san akwai mutum a nan, na san akwai ƙofa a can. Amma duk abin da na sa wa ido, shi ne ba na gani."

"Ka je asibiti?"

"Na je. Likitan ya ce za a iya rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi."

"Motar fa?"

"Lafiyarta ƙalau. Ta fi ni lafiya."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga ta.

"A'a, ban da wannan," ya ce. "Ina jin ki fa. An ce gani ya kori ji, to ni a wajena ji ne ya kori gani. Share fuskarki ki matso, in nuna miki abin da kika zo tambaya."

Ya zare wayar abin kunnen daga jikin kwamfutar. Nan take wata murya ta cika ɗakin, tana zuba da gudu kamar mai tallan magani a rediyo. Auta ba ta tsinci ko kalma ɗaya ba.

"A haka kake ji?"

"Da sannu aka saba. Bari in rage miki."

Ya danna, muryar ta dawo ta mutane.

"Ita ke karanta min komai yanzu. Ga saƙon da na'ura ke fitarwa da alamar da kike so ki goge. Saurara."

Muryar ta ce, "Adireshi. Sha biyu. Talatin da huɗu. Sifili biyar." Tana faɗa tana ɗan tsayawa, kamar mai ba da lambar waya.

"Kin ji? Ko barci nake zan riƙe. To ga shi da facinki, mai ɗigo biyu."

Muryar ta ce, "Adireshi. Ƙarfe sha biyu da minti talatin da huɗu da daƙiƙa biyar," sannan ta tattara sauran ta tauna su wuri guda ta wuce.

Auta ta riƙe baki.

"Agogo ta ɗauka?"

"Agogo. Duk inda ta ga ɗigo biyu tsakanin lambobi, ita lokaci ta gani. Ranar da na fara gwada facinki, sai da na yi zaton na'urar ce ta haukace take gaya min lokacin tashi daga aiki."

Wannan karon dariyar ta fito, da hawayen duka. Shi ma ya taya ta.

Amma Auta 'yar sana'a ce, kanta ba ya hutawa ko a gidan makoki.

"To ba sai ka ce mata ta riƙa karanta alama ɗaya bayan ɗaya ba?"

"Na gwada. Sai ta karanta min kowane waƙafi da kowane baka da ke cikin rahoton. Rahoton da nake gamawa kafin shayi ya huce, sai ya kai ni yamma."

"Ka rubuta ɗan abin da zai riƙa tace saƙon, ya mayar da ɗigon tazara kafin ya iso kunnenka."

"A nan gida na rubuta, yana ma aiki. A ɗakin gwaji na kamfani fa? Na'urorin can ba nawa ba ne. Abin kunne kowa yana sawa, babu mai tambaya. Amma ranar da na ce a ɗora min wani abu a kansu, sai an ce na mene ne."

Duk ƙofar da ta tura, ya riga ta zuwa ya same ta a rufe.

"Kuma kin san abin haushin?" ya ce. "Alamar nan ba ni na sa ta ba. Na tarar da ita. Wani ne ya rubuta ta tun da daɗewa, bai bar bayani ba, shi ma an daina jin ɗuriyarsa. Ni kaina na sha cewa zan goge ta. Sai da idon ya fara tafiya na zauna ina tunani, anya mutumin nan ba irina ba ne?"

"Shi ma bai faɗa ba."

"Shi ma bai faɗa ba."

Ta goge fuska da gefen mayafinta, ta gyara zama.

"Shi ke nan. Yau zan janye facin."

"Ki janye, gobe wani ya ɗauko shi. Kin riga kin nuna wa duniya maimaici ce. Kuma Mai Rumbu ba ke ya tambaya ba, ni ya tambaya."

"To mu ce akwai wata tsohuwar na'ura da ke dogara da tazarar."

"Wacce?"

"Ko wacce."

"A zauren nan? Kafin rana ta faɗi wani zai ce a ba shi sunanta, wani ya ce yana da irinta a ƙarƙashin gado, ya gwada bai ga komai ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Auta, balle a gaban mutanen da aikinsu ke nan, gwaji."

"To ka faɗi gaskiya mana. Wa zai ƙi ka don wannan?"

"Zaure ba zai ƙi ni ba, na sani." Ya murza goshi. "Oga nake ji. Duk aikin da ya fita daga kamfanin nan da sa hannuna yake fita. In ya karanta, ba zai ce Allah ya sawwaƙe ba tukuna. Cewa zai yi, to duk abin da ka sa wa hannu a watannin nan fa, da me ka duba? Ni na san kunnena bai bar kuskure ya wuce ba, na ma fi da natsuwa. Amma wa zai yarda?"

"In ka yi shiru kuma kujerar ta tafi."

"In kujerar ta tafi, Oga ma ba shi da sauran abin da zai yi da ni. Kin ga inda nake. Gaba kura, baya sayaki."

"Anti ta sani?"

Ya girgiza kai da sauri.

"Kada ki soma. Tana da nata hawan jinin. Ina lallaɓawa ne sai na sami..."

Aka turo ƙofa.

Anti ce, ɗauke da faranti da kofuna uku. Ba biyu ba, uku. Ta ajiye a gefen teburin, ta ɗauki kofi ɗaya, ta kama hannun Yaya ta ɗora yatsunsa a kan mariƙin, kamar abin da ta saba.

"Bai cika ba, kada ka ji tsoro," ta ce.

Ta ja ɗan benci ta zauna, ta ɗauki nata.

"Ku ci gaba. Ina ji daga kicin, muryar nan taka ba ta iya raɗa ba."

Yaya ya daskare da kofi a hannu.

"Me kika ji?"

"Babu sabo a ciki." Ta hura shayinta. "Kai a ganinka teburin falo ƙafa ya yi ya tafi? Sau nawa ka buga ƙaurinka a jikinsa kana cewa yara ne suka matsar? Wa kake tsammani yake jera maka rigunanka, masu haske a dama, masu duhu a hagu? Mutumin da ya zuba min gishiri a shayi, ya kuma shanye nasa yana cewa ya yi daɗi."

"Kika yi shiru?"

"Kai ma ai shirun ka yi. Na ce bari in ga iya gudun ruwanka." Muryarta ta ɗan karye, ta gyara ta. "Na bar ka ne ka faɗa da bakinka, don na san halinka. In na riga ka, sai ka ga kamar na ƙwace maka wani abu. Amma wallahi ka ba ni haushi. Hawan jinin da kake tsoro, ɓoyon nan naka ne ya fi tayar min da shi."

Ya sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri."

"Na yi tun tuni. Sha shayinka."

Ya kurɓa. Auta tana kallonsu, ita dai ba ta taɓa ganin Yayanta ya ƙanƙance haka ba, kuma ba ta taɓa jin ƙaunarsa irin ta yau ba.

"Ni ban san kan aikinku ba," Anti ta ce. "Kullum in na ji kuna faci faci sai in ɗauka taya ce ta yi. Amma na ji ka ce wani ya taɓa sa abin nan ya tafi bai yi bayani ba, shi ya sa yau ake neman share shi. To kai ma haka za ka yi wa na bayanka?"



Can Yaya ya laluba ya ajiye kofin, ya tura kujerarsa baya.

"Auta, zauna nan."

"In yi me?"

"Ni zan iya bugawa, amma hannuna ba zai yarda ba yau. Ke rubuta."

Ta koma gaban kwamfutar, ta ƙaro wa allon haske, ta buɗo saƙon Mai Rumbu. Yaya ya rufe ido ya fara faɗa, tana bugawa.

"Ka tambaye ni dalili, kuma kana da gaskiya, tun farko ya kamata in kawo shi. Facin daidai yake, babu kuskure a ciki. Na ƙi shi ne saboda idona ya yi rauni, yanzu da murya nake karanta saƙon na'ura. Muryar tana karanta adireshi mai tazara daidai, mai ɗigo biyu kuwa agogo take ɗaukarsa. Ina zaton ba ni kaɗai ba ne. In an ga a bar alamar, zan rubuta bayaninta a gefe don kada a sake ɗaukarta maimaici. In an ga a goge, ba zan sake tarewa ba."

Ya buɗe ido.

"Ƙara da cewa ina ba mai facin haƙuri."

"Ba zan rubuta ba."

"Ke, ni ne mai wasiƙar."

"Ni ce mai hannun."

"Rubuta masa," Anti ta ce. "Ba kullum ake samu ba."

Ta rubuta. Ya sa muryar ta karanta masa daga farko har ƙarshe, ya gyara kalma ɗaya. Auta ta ɗora yatsa a kan maɓallin turawa ta tsaya.

"Yaya, in ya tafi ba ya dawowa fa. Kowa zai gani."

"Na sani."

"Har Oga."

"Na ce na sani. Bismillah, tura."

Ta danna.

Ba abin da ya faru. Fitilun nan kore suka ci gaba da ƙyaftawa, wani mai babur ya wuce ta bayan taga. Anti ta tashi ta ɗage labulen, ta ce duhun nan ya ishe ta, tunda yanzu babu wanda ake ɓoye wa. Suka zauna suna shan shayi, har Yaya ya fara ba su labarin ranar da ya tsaya ya gaida injin sanyaya ruwa a ofis, ya ɗauka sabon ma'aikaci ne mai girman kai. Anti tana dariya har da riƙe ciki.

Ana cikin haka kwamfutar ta yi ƙara. Saƙo ya shigo.

Dariyar ta tsaya.

"Mai Rumbu ne?" Anti ta tambaya.

Yaya ya miƙa hannu ya danna. Muryar ta karanto sunan mai aikowa.

Ba Mai Rumbu ba ne. Oga ne. Kuma ba ta zaure ya aiko ba, kai tsaye ya rubuto masa.

Muryar ta ci gaba, ba ruwanta, yadda za ta karanta kowane saƙo. "Na karanta abin da ka rubuta. Daga yanzu kada ka sa hannu a kan komai da sunan kamfani, sai..."

Yaya ya danne ta, ta yi shiru.

Ya daɗe da yatsa a kan maɓallin. Anti ta taso ta dafa kafaɗarsa.

"Auta," ya ce a hankali. "Ke karanta min sauran. Ko mene ne, da muryar mutum nake so in ji shi."

Ta matso gaban allon. Idonta ya bi layin farko, ya bi na biyu, ya sauka har ƙasa. Ta ɗago ta dubi Anti.

"Ina jin ki," Yaya ya ce. "Kin daina numfashi. Karanta."